Wa ke da tashar jirgin ƙasa ta Yamai?

Ƴan uwa matasa, yau labarin wani ɗan ɗakin katako na kawo muku, daga garin St Albans, arewa da Landan a Ingila.

An gina shi a 1892 a bakin layin dogo. A saman benen akwai sandunan ƙarfe 44 a jere. Ma'aikaci ya ja ɗaya, alama ta ba direba hanya. Ya ja wata, jirgi ya sauya layi. Akwai kuma makulli a jikin sandunan, yadda ko ya yi kuskure ba zai iya buɗe wa jirage biyu hanya ɗaya ba. Rayukan fasinjoji na hannun wannan ɗakin.

A 1979 na'urorin zamani suka karɓe aikin, aka rufe shi. Ya yi shekaru fiye da 20 yana ruɓewa. Daga baya mutanen gari suka kafa ƙungiya, suka nemo kuɗi, suka gyara shi, da yawansu ba tare da albashi ba. Yanzu gidan tarihi ne, yara na zuwa suna jan sandunan da hannunsu.

To mu fa? Duk lokacin da na wuce tashar jirgin ƙasa ta Yamai, wallahi sai raina ya ɓaci. An yi bikin buɗe ta a 2014. An shimfiɗa dogo kimanin kilomita 140 har Dosso, aka ƙaddamar a 2016. Har yau ba wanda ya sayi tikiti ya tafi Dosso ganin dangi. Ɗakin St Albans ya yi aikin shekara 87 kafin ya huta, tamu tashar ko fara aiki ba ta yi ba.

Na san za a ce ciki da yunwa ba ya gyaran gidan tarihi. Gaskiya ne. Amma tambaya ba ta cin ko dala. Ciwonmu shi ne kalmar nan "kayan gwamnati", kamar ba na kowa ba ne, alhali ƙasarmu ce aka shimfiɗa ƙarfen a kanta.

Ga dogon Kano zuwa Maraɗi ana aikinsa. Kada mu jira ranar biki mu je tafi. Tun yanzu mu tambaya: wa zai tafiyar da shi? Matasa nawa ake horarwa a ɓangarenmu? Su wa aka biya diyyar gonakinsu?

Kai ɗan Maraɗi, ke ƴar Yamai, ku ɗauki hoton abin da kuka gani, ku turo mana a ƙasa. Da shi za mu je mu nemi amsa.