RA'AYINMU: KWAMFUTA A AJI, KADA MU ZAUNA JIRAN INTANET

Muna so a wannan wata mu ja hankalin 'yan'uwa, musamman shugabannin makarantu da kwamitocin ilimi na rassa, zuwa ga wani uzuri da ya zama ruwan dare a tarurrukanmu. Duk sa'ad da aka tayar da zancen shigar da kwamfuta cikin aji, sai wani ya miƙe ya ce ai garinmu babu sabis, daga nan sai a naɗe tabarmar maganar a wuce zuwa batu na gaba.

Ba mu musun cewa uzurin yana da tushe. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya cik a ƙasashe da dama. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka kwana cikin duhu na kwanaki masu yawa. Sannan a watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Malamin da ya gina darasinsa a kan sa ran sabis zai zo, lalle ya yi gini a kan rairayi.

To amma jarrabawa ba ta jiran sabis ya gyaru. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina ba da takarda da fensir, sai kwamfuta kaɗai. Ɗalibi zai amsa tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu. Hukumar WAEC ma ta fara gwada wannan hanya ga ɗalibai masu zaman kansu a shekarar 2024. Ku dubi halin yaron da ya shekara shida a sakandare, haziƙi ne, ya san amsa, amma ranar jarrabawa ce ranar da ya fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Mintocin da ɗan birni yake kashewa wajen tunanin amsa, shi kuwa yana kashe su ne wajen neman inda zai danna, ga gumi, ga faɗuwar gaba. Idan sakamako ya fito sai a ce yaranmu ba su da ƙoƙari, alhali kuwa mu ne muka tura su fagen fama ba mu taɓa nuna musu makamin ba. Abin ya fi muni ga 'yan mata, domin namiji yakan iya leƙa shagon kwamfuta a cikin gari, ita kuwa in ba a makaranta ba, babu inda za ta taɓa wannan na'ura.

Kuskuren da ake yi shi ne haɗa kwamfuta da intanet a ɗauke su abu guda. Waɗanda suka yi karatun Larabci daga cikinmu sun san ba haka ba ne. Shekaru nawa ɗaliban ilimi suka yi suna amfani da Maktabatus Shamila, dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu da lugga a cikin kwamfuta guda, ana binciken mas'ala a ƙiftawar ido ba tare da ko ɗigon data ba? Sau ɗaya ake zuba ta, daga nan sai ɗan'uwa ya kwafa wa ɗan'uwa. Haka karatuttukan malamai suka ratsa ƙauyuka a kaset, yau kuma suna ratsawa a katin memori da Xender. Jama'armu sun daɗe da gano yadda ake yaɗa ilimi ba tare da sabis ba, makarantunmu ne kawai ba su ɗauki darasin ba.

Ilimin boko ma yana da irin tasa Shamilar. Akwai manhajar Kiwix, wadda ke ba mutum damar ajiye kundin Wikipedia a kwamfuta ya karanta ba intanet. Akwai Kolibri, wadda ake zuba wa darussan lissafi da kimiyya a kwamfuta ɗaya, sauran na'urorin ajin su ɗauka daga gare ta ta hanyar haɗin cikin gida, malami kuma ya ga inda kowane ɗalibi ya tsaya. Dukkansu kyauta ne. A shekarar 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa bisa tsarin karatun ƙasa. Manhajojin gwajin tambayoyin JAMB na shekarun baya kuwa suna da yawa, kuma da dama daga cikinsu ba sa buƙatar sabis bayan an zuba su.

A nan akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Iyaye da yawa suna ɗari-ɗari da intanet, kuma suna da hujja, domin kasuwa ce da babu mai gadi, tsarki da ƙazanta duk a shimfiɗe suke. Ma'ajiyar da malami ya zuba da hannunsa kuwa tatacciya ce: abin da ya duba ya yarda da shi ne kaɗai yaro zai gani. Sai dai wannan ya ɗora wa malamin nauyin dubawar da gaske, ba wai ya kwafo komai ya jibge ba. Wikipedia kanta ba littafin malami ba ce, akwai daidai a cikinta akwai kure.

Wajibi ne kuma mu yi gargaɗi game da ɗaya ɓangaren, wato zaton cewa da an sayo na'urori an gama. Shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, wanda aka gwada a wata firamare da ke Galadima a Abuja a shekarar 2007, ƙasar Peru ta rungume shi ta raba kwamfutoci sama da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bincika a 2012, sai ya tarar yara sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Kada a ce rashin intanet ne sanadi, domin a Uruguay, inda aka haɗa makarantun da intanet, bincike ya nuna kusan haka a lissafi da karatu. Na'ura ba ta koyarwa, malami ne yake koyarwa da ita. Sau nawa muka ga ɗakin kwamfuta da wani mai hali ya gina, an yanka ƙyalle an ɗauki hoto, bayan shekara guda ƙura ta rufe komai, makulli yana aljihun shugaban makaranta don gudun kada yara su ɓata?

Saboda haka muna kira ga kwamitocin ilimi da su fara da mutum kafin kaya. A zaɓi malamai biyu a kowace makaranta, namiji da mace, a horar da su har su iya shirya darasi da na'urar da gyara ƙananan matsalolinta. Bayan haka sai wuta: faifan sola da batir da za su riƙe kwamfutar tafi-da-gidanka guda da majigi sun fi kwamfutoci ashirin da ke jiran janareta da babu kuɗin mansa. Sau ɗaya a wata wani ya je inda sabis ke da ƙarfi ya sauko da sababbin darussa, a raba wa makarantun reshe baki ɗaya, kuɗin data ɗaya ya wadaci kowa.

Sauran giɓin da babu wanda zai cike mana shi ne na harshe. Mafi yawan waɗannan darussa da Turanci suke, yaron ƙaramin aji kuwa da Hausa yake fahimta. Ƙwararrun malamanmu na lissafi da nahawu da tajwidi su naɗi darussansu da wayar hannu, kwamitin jiha ya duba ya tace, a zuba su cikin ma'ajiyar. Kafin a kai ga wannan, abu mafi gaggawa shi ne ɗaliban ajin ƙarshe: a tsara musu jadawali tun zangon farko, kowane ɗaya ya zauna gaban kwamfuta aƙalla sau ɗaya a mako, ya amsa tambayoyi agogo yana tafiya, kamar yadda zai tarar a zauren jarrabawa.