Sule Goma na Solomon Linda

A 1939 kamfanin Gallo na Johannesburg ya ɗauki waƙar Solomon Linda mai suna Mbube a faifai, ya sallame shi da sule goma. Amurkawa suka sake wa waƙar riga, har ta shiga fim ɗin Disney a 1994, alhali mai ita ya rasu matalauci tun 1962. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 2004 magadansa suka kai ƙara bisa wata dokar Ingila ta 1911, aka yi sulhu a 2006. 'Yan'uwa masu karatun shari'a, lalle akwai aiki a gabanku: kada ku bar mawaƙi ya dangwala hannu a takardar da bai fahimta ba.