Ciwon Baya: A Daina Kwantar Da Iyayenmu Mata

Da wuya a sami ɗayanmu da ba shi da uwa ko inna ko yaya mai kukan ciwon baya, irin wanda ke farawa daga ƙugu ya gangara ƙafa kamar an ja tsirkiya. Abin da muka saba faɗa musu shi ne, "Kwanta ki huta." A nawa ganin wannan tausayin cutarwa ne.

Ga dalili. A ƙasan gadon baya akwai ƙasusuwa 5, kuma tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taurin baki da laushin ciki, wanda ke aikin matashi. Idan bakinsa ya tsage, cikinsa kan bulluƙo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, shi ne zogi da mutuwar ƙafar da ake ji. To amma mafi yawan masu wannan lalura sukan sami sauƙi cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, domin jiki kan janye abin da ya bulluƙo da kansa. Doguwar kwanciya kuwa sai ta raunana naman ciki da na baya, waɗanda su ne ke tallafe ƙashin, ranar da aka tashi ciwo ya dawo ɗanye.

Ba ni na ƙirƙiro maganar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a shekarar 2020, mata sun fi yawa. A ƙa'idojin da ta fitar a 2023 kan ciwon bayan da ya daɗe, ta sa motsa jiki cikin magani, ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar nan da ake ɗaurawa a ƙugu.

Na san wani zai ce, macen da ke daka da wanki da shara da goyo, wane motsa jiki kuma take nema? Ai nan ne gizo ke saƙar. Wanki a sunkuye, shara da gajeriyar tsintsiya, sunkutar bokitin ruwa daga ƙasa, duk nauyi ne a wuri ɗaya, kullum ta fuska ɗaya. Atisayen magani daban yake: tafiya a ƙasa ta ɗan lokaci ana ƙarawa sannu a hankali, kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu, ko rub-da-ciki a ɗago ƙirji da gwiwar hannu, dabarar da Robin McKenzie na ƙasar Niyu Zilan ya shahara da ita. Tabarma kawai ake buƙata, a ƙuryar ɗaki, don haka kunya ba hujja ba ce. Sai dai ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne ya kamata ya zaɓa, domin wanda ya yi wa wata daidai yana iya tsananta wa wata. Idan zogi yana ƙara sauka ƙafa, a dakata a koma masa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake sayen diclofenac a kemis ana sha wata da watanni, alhali yana jawo gyambon ciki yana taɓa ƙoda. Kuɗin nan da ma na mota aka yi zuwa asibiti. Akwai sashen gashi a asibitocin ƙashi na Igbobi a Legas, da Inugu, da Dala a Kano, da asibitocin koyarwa, kuma wadda ta fi sakewa da mace tana iya neman a haɗa ta da ma'aikaciya.

Amma fa idan fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa tana ƙara rauni, ko akwai zazzaɓi da rama, to ba batun atisaye, a ranar za a kai ta asibiti.