Ku Daina Koya Wa 'Ya'yanku Rantsuwa A Kan Ƙarya

Maganata da iyaye da yayye ce, na Affala da sauran garuruwan arewacin Adar, musamman masu ɗaukar waya su ce wa ɗansu da ke ƙasar waje: "Kada ka kuskura ka faɗa wa hukuma an taɓa kwantar da kai a asibitin ƙwaƙwalwa." Kuna ganin rufa masa asiri kuke yi. Cutarsa kuke yi, kuma ya kamata a faɗa muku ba tare da kwana-kwana ba.

Kowa ya san abin da ke riƙe da gidajenmu. Da an gama girbin hatsi, samari sun kama hanyar bida: Abijan, Kano, Legas, Tamanraset, Libiya. Abin da suke aikowa shi ke cika rumbu a shekarar da damina ta gaza. Daga cikin 'yan Nijar akwai waɗanda suka kai Faransa, wasu suka kai Amurka, suna zaune a Bronx da Harlem ta birnin New York ko a Greensboro. Tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, don haka neman fasfo na biyu ba ya raba kowa da ƙasar haihuwarsa.

Amma bida ba kuɗi kaɗai take kawowa ba. Wanda ya gudo daga rikicin Abijan na 2002 ko na 2011, wanda ya tsere daga yaƙin Libiya, wanda ya ga abokin tafiyarsa ya mutu da ƙishirwa a hamada, wanda ya shekara yana aikin ƙarfi da tiramol a cikinsa, ba abin mamaki ba ne idan ƙwaƙwalwarsa ta gaji. An kwantar da wasu a Pavillon E na babban asibitin Yamai, wasu a asibitin Kware kusa da Sakkwato, wasu a can ƙasar da suke. Sun sha magani, sun samu sauƙi, sun koma aiki, sun yi aure. Ranar da ɗayansu ya zo cika takardar zama ɗan ƙasa, sai ku da ba ku taɓa ganin takardar ba ku zama masu ba shi fatawa.

To ga abin da dokar take cewa. A Amurka, wanda ya yi shekara 5 da katin zama na dindindin, ko shekara 3 idan yana auren 'yar ƙasar, yana iya nema ta takardar da ake kira N-400. A da, takardar ta daɗe tana tambaya ko kotu ta taɓa yanke cewa mutum ba ya iya tafiyar da al'amuransa, ko an taɓa tsare shi a asibitin masu taɓin hankali. Amsa da "i" ba ta hana kowa zama ɗan ƙasa. Abin da jami'in shige da fice yake son ya tabbatar shi ne mai nema ya san ma'anar rantsuwar da zai yi. Ko a gwajin likita da ake yi kafin a ba da katin zama, ciwon ƙwaƙwalwa shi kaɗai ba ya rufe ƙofa, sai idan ya zo da halin cutar da kai ko cutar da wani.

Abin da yake rufe ƙofa shi ne ainihin abin da kuke cewa ya yi. Kafin a fara ganawa, jami'in yana sa mutum ya ɗaga hannu ya rantse cewa gaskiya zai faɗa. Tun 1988, a shari'ar Kungys, Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana cewa wanda ya yi ƙarya bayan rantsuwa don ya samu takarda ya rasa shaidar kyawun hali da doka take nema, ko da abin da ya ɓoye ɗin ba zai hana shi komai ba. Idan kuma ƙaryar ta taimaka masa ya samu, ana iya kai shi kotu a ƙwace zaman ɗan ƙasar ko bayan shekaru masu yawa. A Faransa ma, gwamnati tana da shekara 2 daga ranar da ta gano yaudara ta soke abin da ta bayar. Ciwon da ya warke bai hana shi ba. Ƙaryar da kuka koya masa ita za ta bi shi har tsufansa, ya kwana da fargaba ya tashi da ita, shi da ya kamata a kiyaye masa kwanciyar hankali fiye da kowa.

Kuna cewa, "Wa zai sani?" Idan a can aka kwantar da shi, asibiti yana da fayil, kamfanin inshora yana da lissafi, in 'yan sanda ne suka kai shi su ma sun rubuta. Idan a nan ne, wataƙila ya riga ya gaya wa likitan da ya duba shi lokacin neman katin zama. Sai jami'in ya ɗora takardar jiya a kan ta yau ya ga sun saɓa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Ɓoyewar tana hana shi ma taimakon da yake da haƙƙi a kai. Akwai takarda mai suna N-648, wadda likita yake cikawa idan ciwo ya hana mutum koyon Turanci ko tarihin ƙasar, a ɗauke masa jarrabawar. Wanda ya rantse bai taɓa ciwo ba, da wane baki zai nemi wannan sauƙi?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya: ba tsoron jami'in Amurka ne ya haifi wannan shawara ba. Kunyarmu ce ta gida muka aika masa da ita ta waya. A nan ne ake fasa aure saboda an ji wan yarinya ya taɓa zuwa Pavillon E. A nan ne mutum zai warke shekara goma amma ana ce masa "mahaukacin gidan wane". A nan ne ake ɗaure mara lafiya da mari a bayan ɗaki, a yi ta yawo da shi daga mai bori zuwa mai ruƙiyya, a sayar da akuya da gona, sai ya galabaita sannan a tuna da likita. Mai ciwon sukari yana faɗar ciwonsa a majalisa, a yi masa sannu. Mai hawan jini haka. Me ya sa ƙwaƙwalwa kaɗai ba ta da izinin yin ciwo? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa. Ku ƙirga mutanen gidanku.

Kuma ku da kuke sahun gaba a masallaci, kun fi ni sanin cewa shari'a ba ta kama wanda hankalinsa ya gushe da laifi. Ciwo jarrabawa ce daga Allah, ba zunubi ba. Rantsuwa a kan ƙarya kuwa tana cikin manyan zunubai. Yaya za ku ji kunyar abin da Allah bai zargi ɗanku a kai ba, ku tura shi ga abin da Ya haramta? Ko don wanda ake rantse wa ba Musulmi ba ne? Babu malamin kirki da ya halatta wannan.

Ku ma 'yan uwa da kuke can, masu karɓar dala ku cika wa mutane takardu a bayan shago, ku ji tsoron Allah. Kuna bin layi kuna buga "a'a, a'a, a'a" ba tare da kun karanta wa mai takardar tambayar ba. Ranar da abu ya ɓaci, sa hannunsa ne a kai, ba naku ba. In ba ku san doka ba, ku tura shi wurin lauya ko ƙungiyoyin da ke taimakon baƙi.

Kai kuma ƙanena da ke riƙe da takardar, ba wanda ya ce ka yi shelar ciwonka a kasuwa. Sirrinka naka ne. Takardu sukan canja, don haka ka karanta wadda ke hannunka da kyau. Abin da ba a tambaye ka ba, ba dole ne ka faɗa ba. Abin da aka tambaye ka, ka amsa shi yadda yake. Ka nemi wasiƙa daga likitanka mai nuna yaushe aka kwantar da kai, yaushe aka sallame ka, da yadda kake yanzu. Ka nuna wa lauya kafin ka sa hannu. Kada ka bar shan maganinka don tsoron a gan shi a fayil.

Iyaye, idan ɗanku ya kira yana neman shawara, ku ce masa ya faɗi gaskiya, ku sa masa albarka. In ba za ku iya faɗar wannan ba, ku yi shiru ku bar shi da lauyansa.