A Koya Wa Hafsoshin Gobe Musanta Na'ura

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan kwamfutocin nan masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda sojojin manyan ƙasashe suka fara amfani da su wajen zaɓar inda za a kai hari.

Damuwata ita ce yaran da ake horarwa a makarantar hafsoshi ta NDA, Kaduna. Sun tashi da waya a hannu, sun saba gaskata abin da allo ya nuna. To, gobe su ne za su ce a harba ko a dakata.

A 1983 na'urar Tarayyar Sobiyet ta nuna Amurka ta harbo makamai masu linzami biyar. Hafsan da ke bakin aiki, Laftanar Kanar Stanislav Petrov, ya ce anya kuwa, da biyar kacal ake fara yaƙin nukiliya? Ya shaida wa manyansa kuskure ne. Ashe hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan'adam.

Mu kuma ba mu manta da Tudun Biri ba, Disamba 2023, inda jirgi marar matuƙi ya hallaka mutane fiye da 80 suna Maulidi. Can ma fa mutum ne ke kallon allo, ina ga an bar wa na'ura ita kaɗai? Ta ina za ta bambance 'yan cin kasuwa da 'yan bindiga?

Ina roƙon hukumomin soja kada su hukunta hafsan da ya dakata don ya tabbatar.

Naka,
Wani ɗan tireda, Giwa.