Ra'ayinmu: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk lokacin da wani rubutu ya taɓa martabar addinin Musulunci, sai mu ji kira daga ko'ina cewa Gwamnati ta ɗauki almakashi, ta riƙa tace abin da za a buga. Mun san inda wannan kira ya samo tushe. A watan Nuwamba na 2002 jaridar ThisDay ta buga maganar ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a kan gasar sarauniyar kyau, aka ƙona ofishinta na Kaduna, mutum fiye da 200 suka rasa rayukansu. Babu Musulmin da zai yarda a maimaita irin wannan rubutu, mu ma ba mu yarda ba.

To, amma kafin mu miƙa wa hukuma wannan almakashi, ya kamata mu dubi abin da ta yi da wanda ke hannunta. Mutanen Birnin Gwari su ne shaida.

A watan Mayu na 2018 'yan bindiga suka fito daga daji suka afka wa ƙauyen Gwaska, suka kashe mutum fiye da 40. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama tarkon mutuwa, manoma suka bar gonakinsu. A ƙarshen Satumba na 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wannan yanki har kusan wata biyu, wai don a toshe wa ɓarayi hanyar magana. Talakan da aka kai wa hari ya rasa yadda zai yi kuwwa, wakilin jarida kuma ya rasa yadda zai aiko da labari.

A watan Agusta na 2022 kuma, hukumar kula da gidajen rediyo da telebijin, watau NBC, ta ci gidan Trust TV tarar Naira miliyan 5 saboda shirin da ya yi a kan 'yan bindigar Arewa. A cikin shekarar nan ne ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari ta yi ƙorafi cewa 'yan Ansaru suna wa'azi a gabashin masarautar, har suna hana mutane harkar siyasa. Ga masu ɓata sunan addini da bindiga a kafaɗa, amma mai ɗaukar hoto aka ci tara. Wace ɓatanci ce ga Musulmi ta kai zubar da jininsu, a kuma hana faɗi?

Wannan hali ba sabo ba ne. Da Doka ta 4 ta 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, ba don sun taɓa addinin kowa ba.

Saboda haka matsayinmu shi ne, wanda ya ci mutuncin addini a kai shi gaban alƙali, domin dokokin Arewa sun daɗe da tanadin hukuncinsa, a yi shari'a a fili. Ma'aikaci a ofis kuwa, kada a ba shi ikon rufe baki ba tare da shari'a ba. Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ma ta yanke a 2023 cewa NBC ba ta da ikon cin tara, don ita ba kotu ba ce.

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, gobe ku ne za ku zauna a waɗannan kujeru. Ranar da aka kawo muku takardar rufe wata jarida, ku fara tambaya: addini ake karewa, ko kuwa kunyar wani babba ake rufewa? Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ya dawwamar da zaman lafiya a Birnin Gwari, amin.