Lafiyar Iyali: Kuratan da ke Cikin Jini

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya san ba a wuce Magama sai an tsaya gaban masu tsaron iyaka. To, 'yan'uwa, jikinmu ma yana da nasa masu tsaro, wato fararen ƙwayoyin jini. A ɗigon jinin da bai wuce kan allura ba, babban mutum mai lafiya yana da 4,000 zuwa 11,000.

A cikin ɓargo ake haifarsu. Irin da ya fi yawa, wanda likitoci ke kira nutrofil, yakan yi wajen mako biyu a can yana girma, kamar yadda kurtun soja ke zama a barikin horo na Zariya kafin a tura shi bakin daga. In ya fito kuwa ba ya daɗewa. Saboda haka ɓargo ba ya hutawa, kowace rana yana fitar da wajen biliyan 100.

In cuta mai ƙarfi ta shigo, kamar ciwon huhu ko sanƙarau, manyan sukan kasa, sai ɓargo ya turo kurata tun ba su gama girma ba. Suna yaƙi, amma ba kamar manya ba. Mai awon jini yakan gane su a madubin asibiti, gama ƙwayar tsakiyarsu a lanƙwashe take kamar lauje, ba ta rabu gida-gida ba tukuna. Yawansu shaida ne cewa yaƙi ya yi zafi.

Akwai kuma waɗanda ba sa girma sam, sai su cika ɓargo su hana masu kirki wuri. Wannan ita ce sankarar jini. Alamunta su ne zazzaɓi mai yawan dawowa, ɗashewar jiki, jini daga dasashi, da ciwon ƙashi. Maganinta sai manyan asibitoci, irin na Shika.

Mu malamai mukan ga yaro ya kwana biyar yana rawar ɗari a aji, a gida kuwa ana ta ba shi kafson mai talla. Iyaye, mai talla ba ya ganin cikin jini. In zazzaɓi ya wuce kwana biyu, a kai yaro asibiti, a yarda a ɗebi jininsa. Ɗan abin da za a ɗiba ba zai rage shi ba.

Kada kuma mu manta, ɓargo da abinci yake aiki. Wake, gyaɗa, ƙwai da zogale, a fara zuba wa yara kafin manya. Allah ya ƙara mana lafiya.